Jariran Meshak Masu Furfura

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a shekarar 1996 ya san Meshak ko da bai so ba, domin Meshak ba ya barin mutum ya wuce bai san shi ba. Shi ne mai kula da katunan marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin coci da ke bayan layin dogo, shi ya sa ake ce masa Meshak Kati. Amma tun da wasu masu taimako suka kawo wa asibitin kwamfuta, aka tura shi Jos ya yi kwas na mako shida, sai ya dawo da taye a wuya da jakar hannu, ya ce daga ranar a kira shi Injiniya.

Wata biyu cur ya yi a ƙarshen shekarar da ta wuce yana kwafe katunan asibitin cikin injin, tun daga kati na ɗaya har na dubu huɗu da wani abu. Ya manna takarda a ƙofa cewa ba a shiga da takalmi. Ya ari leshin matarsa yana lulluɓe injin da shi, wai kada sauro ya cije shi. Duk wanda ya leƙo sai ya ce masa, "Ka ga wannan? Kafanchan gaba ɗaya tana ciki. Ban bar gurbi ko ɗaya babu komai ba."

A watan Satumba saƙo ya zo cewa ranar Asabar sha huɗu ga wata za a kawo allurar rigakafin ƙyanda ta yara tamanin, a cikin akwatin ƙanƙara. Mai kawowa zai tsaya har ƙarfe uku, abin da ya rage ya wuce da shi Fadan Kaje, kuma ba za a sake kawowa ba sai bayan Kirsimeti. Maganar ba ta wasa ba ce, don a bazarar da ta wuce ƙyanda ta kwantar da yara da yawa a unguwar, ta tafi da uku. Abin da ake bukata shi ne sunayen yaran da suka kai wata tara, a aika wa iyayensu takarda.

Sista Mildred, babbar nas ɗin asibitin, wadda ta shekara ashirin da biyu tana karɓar haihuwa a wurin, ta jawo katon littafinta ta fara lissafi da yatsu. Meshak ya tsaya a kanta yana girgiza kai kamar wanda ya ga ana daka da dutse.

"Sista, har yanzu da yatsa? Wannan aikin minti biyu ne. Zan ce wa inji ya ɗauki ranar yau, ya debe wata tara, ya kawo mini duk wanda aka haifa tun daga nan. Kafin ki juya shafi ɗaya na gama."

"To Injiniya, mu gani."

Ya yaye leshi, ya murza yatsunsa har suka yi ƙara, ya rubuta ranar yau, ya sa alamar debewa, ya sa tara. Injin ya yi ɗan gurnani ya fitar da suna uku.

"Uku kacal?" in ji Sista.

"Abin da ke akwai ke nan. Inji ba ya ƙarya. Matan garin nan sun rage haihuwa, Sista, ku ne ba ku lura ba."

Ta gyara tabarau ta duba. "Wannan na farkon, yaron Magdalene ne. Ni na karɓe shi ranar Talata. Ko cibiyarsa ba ta faɗi ba. Wannan ta biyun ko suna ba a raɗa mata ba tukuna, sunan uwarta ne a katin. Meshak, injinka kwana tara ya debe, ba wata tara ba."

Meshak ya yi tari. "Gwaji ne. A Jos haka aka koya mana, sai ka fara gwada inji ka ga ko ya farka."

"Ya farka?"

"Yanzu ya farka."

Ya zaro biro ya yi lissafi a tafin hannunsa. Tunda injin kwana yake ji, sai a ba shi kwana: tara sau talatin, ɗari biyu da saba'in. Kuma ya ce ai waɗanda aka haifa kafin wannan rana ake so, ba bayanta ba, don haka ya juya bakin alamar da ke nuna kafin ko bayan. Don ya burge Sista, bai tsaya duba allo ba, ya tura kai tsaye zuwa firinta.

Firinta ta fara kuka. Takarda mai haɗe da juna ta fito, ta sauka ƙasa, ta yi tudu, ta ratsa ƙarƙashin tebur, ta fita ta ƙofa. Ashe duk wanda ya haura wata tara a duniya ya shiga ciki, tun daga masu rarrafe har zuwa waɗanda aka binne tun zamanin Turawa. Meshak ya danna wannan, ya danna wancan, firinta ta ƙara ƙaimi. Malam Zubair, masinjan asibitin, wani dattijo mai keke, ya tsaya a baranda yana naɗe takardar a hannu kamar mai naɗe rawani.

"Injiniya, a kashe ta mana!"

"Kar wanda ya taɓa! In ka katse inji yana magana, sai ya yi fushi ya manta komai."

Allah ya taimaka aka ɗauke wuta. Kafin azahar Mama Bernice mai ƙosai ta bakin ƙofa ta kwashe takardar, kuma har tsawon mako guda duk wanda ya sayi ƙosai sai ya ga sunan maƙwabcinsa a jiki. Wani ma ya ci ƙosai a kan sunan surukarsa, ya ce bai taɓa jin daɗin ƙosai haka ba.

Washegari Sista za ta tafi taron ma'aikatan lafiya na kwana uku a Kachia. Ta ajiye littafinta a kan teburin Meshak ta ce, "Don girman Ubangiji, ka bi wannan littafi. Ga fom tamanin na gayyata, daidai da allurar. Kada ka ɓata ko ɗaya."

"Ki tafi hankalinki kwance, Sista."

Motarta ba ta kai kwanar kasuwa ba ya ɗauki littafin ya tokare ƙafar teburin da ke rawa da shi. Wannan karon kuwa ya zauna ya yi tunani. Ya ce wa injin ya debe kwana ɗari biyu da saba'in daga yau, ya kuma debe kwana ɗari uku da sittin da biyar, ya kawo duk wanda ranar haihuwarsa ta faɗa tsakani. Gaskiyar magana, lissafin nan daidai yake. Sai dai injin ya fitar da suna ɗari shida da goma sha ɗaya.

"Na faɗa!" in ji Meshak. "Matan garin nan ba sa hutawa."

Tunda fom tamanin ne, sai ya ɗauki tamanin na saman jerin, waɗanda lambar katinsu ta fi ƙanƙanta, ya cike. Kowane fom yana cewa: "A kawo wane, ɗan wata tara, ranar Asabar da ƙarfe tara na safe don allurar ƙyanda. Uwarsa ta goyo shi da kanta, ta shayar da shi kafin allura." Ya buga hatimi, ya sa hannu mai lanƙwasa uku, ya miƙa wa Malam Zubair.

Malam Zubair ya ɗaure su a bayan keke, sai idonsa ya faɗa kan na sama. "Injiniya, wannan Jibir na rugar bayan kogi, ni Jibir ɗaya na sani a can. Arɗo ne. Gemunsa ya kai nan."

"Jikansa ne, takwara. Ba ka san Fulani da sa wa yaro sunan kaka ba?"

"To wannan Yafet ɗin fa na layin injiniyoyi? Shi ma..."

"Takwara."

"Yemima ta bayan coci?"

"Malam Zubair, kai ka je Jos ko ni?"

Malam Zubair ya ce shi iyakarsa Kagoro, ya hau kekensa.

Meshak bai tsaya nan ba. Ya gayyaci Rabaran, shugaban kwamitin asibitin, ya zo ya ga yadda zamani ya shigo Kafanchan. Ya gayyaci mai hoto. Ya sa aka jera benci, aka shimfiɗa tabarmi don jarirai, aka rataya kyalle mai rubutun "Barka da zuwa, manyan gobe."

Asabar ta zo da yayyafi. Akwatin ƙanƙara ya iso ƙarfe takwas da rabi. Sista ta iso daga Kachia kai tsaye, jaka a kafaɗa. Meshak yana bakin ƙofa cikin kwat, Rabaran a gefensa, mai hoto ya saita kyamara don jariri na farko.

Wanda ya fara shigowa Baba Yafet ne, tsohon direban jirgin ƙasa, da sanda da hular sanyi, yana riƙe da takarda a sama.

"Wane ne Injiniya a nan?"

"Ni ne, Baba. Ina jaririn?"

"Ga ni. An ce mamana ya goyo ni." Baba Yafet bai taɓa damuwa da bambanta mace da namiji a Hausarsa ba. "Mamana ya mutu tun kafin a haifi babanka. Na je kabari na kira shi, bai amsa ba. Sai na goyo kaina."

Mai hoto ya danna. Meshak ya yi dariyar yaƙe, ya ce wa Rabaran kuskure ɗaya a cikin tamanin ba komai ba ne, ko a Jos ana samu.

Bai rufe baki ba Arɗo Jibir ya shigo da malfa da sandar kiwo, matarsa Dije tana biye da ƙwarya a ka. Arɗo ya yi sallama cikin natsuwa, ya gaida Rabaran, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, sannan ya zaro takardar daga aljihu.

"Malamin makaranta ya karanta mini. Ya ce wai watana tara. Na ce to, gwamnati ta fi ni sani. Amma batun shayarwa ne ya ba mu wahala, shi ya sa Dije ta taho da kindirmo."

Dije ta sauke ƙwarya ta ce, "Ya sha ludayi huɗu a hanya. In bai isa ba a ƙara masa."

Daga nan sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Tsofaffi suka yi ta kwararowa, masu sanda, masu tari, masu jan ƙafa, wani a bayan acaɓa an riƙe shi ta baya, wata a cikin baro jikarta tana turawa. Wasu sun zo ne don sun ji asibiti na kira, wasu don su ga wanda ya raina su, wasu kuma don labari ya riga ya zaga kasuwa, ba sa so a ba su. Suka zazzauna a tabarmin jarirai suna miƙe ƙafa, a ƙarƙashin kyallen manyan gobe. 'Yan kallo suka cika katanga. Mama Bernice ta matso da kaskonta.

Cikin tamanin, sha tara ba su zo ba, saboda sun riga mu gidan gaskiya. Amma 'ya'yan ɗaya daga cikinsu sun zo su huɗu, suna tambaya ko asibitin ya san wani abu game da babansu da su ba su sani ba.

Ta ƙarshe ita ce Kaka Yemima, 'yar ƙaramar tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya, wadda ta tako tun daga bayan coci cikin taɓo. Rabaran yana ganinta ya cire tabarau.

"Mama! Me kike yi a nan?"

"Allura na zo, ɗana. Ashe ƙanwarka ce ni, ban sani ba."

Katanga ta ɗauki ihu. Meshak ya ɗaga hannu biyu. "Jama'a, ku saurara! Inji ba ya ƙarya. In ya ce watanku tara, to akwai dalili a kimiyyance."

"Ni dai ya yi gaskiya a kaina," in ji Kaka Yemima. "Ba haƙori, ba gashi, kunu nake sha."

Sista Mildred ba ta yi dariya ba, agogo take kallo. Ta kama Meshak ta hannun kwat ta ja shi ofis, jama'a suka biyo har taga. Ta ce ya kira katin Baba Yafet a allo. Ya kira. Ranar haihuwa: ashirin ga Oktoba, 1995. Ta zaro katin takarda daga cikin kabad. A gurbin ranar haihuwa an rubuta: shekarar da jirgi ya iso.

Na Arɗo Jibir an rubuta: shekarar fara. Na Kaka Yemima ba a rubuta komai ba.

"Meshak, daga ina ka samo wannan rana?"

"Sista, ki gane, inji ba ya karɓar shekarar fara. Lamba yake so. Kuma ba kyau a bar gurbi haka. To duk wanda ba shi da rana, sai in ba shi ranar da na shigar da shi. Ai ranar ce aka haife shi a cikin inji."

"Mutum nawa ka haifa haka?"

"Kamar ɗari biyar da hamsin."

Baba Yafet ya leƙo ta taga. "Jama'a, ga babanmu! Baba, ina kwana? Tun Oktoba ba ka sai mana ko sabulu ba."

"Yaran gaskiya fa?" in ji Sista.

"Suna ciki. Suna can ƙasan jerin. Fom ne bai kai kansu ba."

"Ina littafina?"

Meshak ya kalli ƙafar tebur. Rufin ofishin yana yoyo daidai wurin, littafin ya sha ruwan kwana uku ya kumbura kamar burodi, tawadar ta narke. Ya ce ba damuwa, yanzu zai fitar da ƙasan jerin. Ya kai hannu ke nan aka ɗauke wuta.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Mai akwatin ƙanƙara ya ce shi fa ƙarfe uku zai tashi, ko da yaro ko babu. Sista ta fito baranda, ta dubi tsofaffin da suka cika tabarmi, ta ja numfashi, ta tafa hannu.

"Iyayena, ku yi mana gafara, mun taso ku cikin ruwa. Amma tunda kun zo, ku taimake ni. Ina neman duk yaron da aka haifa bara, daga cin sabuwar gyaɗa zuwa tonon citta, kafin Kirsimeti. Wa ya san irinsu?"

Wurin ya kaure. Kaka Yemima ta lissafa bakwai a layinsu ba ta ko numfasa ba, har da wanda aka haifa ranar da akuyar maƙwabta ta faɗa rijiya. Dije ta ce akwai biyar a rugarsu, duk bayan shanu sun shiga karan dawa aka haife su. Baba Yafet ya ce tagwayen jikarsa, da ɗan mai facin taya. Wata tsohuwa ta yi gardama da wata a kan ko 'yar Caroline kafin tonon citta ta zo ko bayansa, aka kira ta uku ta raba.

Aka watsa 'yan acaɓa. Malam Zubair ya hau keke. Rabaran ya ba da motarsa aka nufi ruga da Arɗo a gaba yana nuna hanya da sanda. 'Yan kallon katanga ma kowa ya ruga unguwarsu. Kafin ƙarfe ɗaya kukan jarirai na gaskiya ya cika asibitin. Sista tana duba katin awo na kowane yaro a hannun uwarsa, tana tsira allura, tsofaffi suna karɓar yaran suna rarrashi. Da uku saura kwata aka tsira wa na saba'in da shida, mai akwati ya rufe ya tafi da ragowar huɗu.

Meshak, wanda ya ɓace tun sha biyu, sai ga shi ya fito ya gyara taye, ya tsaya kusa da Rabaran inda mai hoto zai same shi.

"Ranka ya daɗe, ka ga dabarar? Da iyaye mata na rubuta wa, rabi ba za su zo ba, suna gona. Amma ka kira kakanni, ka kira gari gaba ɗaya. A Jos ana ce wa wannan tsari mai hawa biyu."

Rabaran ya buɗe baki, Kaka Yemima ta riga shi. Tana zaune a tabarmi, ta miƙa hannu biyu sama.

"Injiniya, zo ka ɗauke ni."

"Kaka?"

"Kai ka rubuta, ka buga hatimi. Ɗan wata tara yana tafiya a garinku? Na zo da ƙafa don ban sani ba. Yanzu na sani."

"Kaka, ai ga motar Rabaran..."

"Motar ba mai," in ji Rabaran, yana sa makullin a aljihu.

Dije ta kwance mayafinta ta miƙa. Mata biyu suka ɗora Kaka a bayan kwat ɗin Meshak, suka ɗaure tam a ƙirjinsa, taye ya leƙo ta saman ƙulli. Haka ya fita daga asibitin, ya tsallake layin dogo, ya ratsa bakin kasuwa cikin taɓo, tsofaffi sittin suna biye a hankali, mai hoto yana gaba yana tafiya da baya. Duk inda ya rage sauri sai Kaka ta fasa kukan jariri, masu shaguna su fito.

A ƙofar gidanta ya durƙusa aka kwance ta, gumi ya jiƙa shi har safa. Ta gyara ɗankwali, ta dafa kansa ta sa masa albarka. Ya juya zai tafi ta kira shi.

"Injiniya, gobe Lahadi. Sujada ƙarfe takwas ne. Ka zo da wuri, ba na son zaman baya."